Rumfar ulu a baje kolin Marwa

Duk ƙarshen shekara, idan an gama kai amfanin gona gida kuma hunturu ya fara busawa, akan shirya baje kolin noma da kiwo a manyan garuruwan Kamaru, wanda mutanenmu suka fi sani da sunan komis. Dattawan Marwa har yanzu suna ba da labarin babban komis na ƙasa da aka yi a garin nan a 1988, wanda ba a sake yin irinsa ba sai a 2011 a Ebolowa, can kudu. Waɗanda ake yi yanzu a jihohi ba su kai wancan girma ba, kuma yawancin masu zuwa sukan zo ne domin sayen kayan abinci da rahusa. A bana na tafi da iyalina gaba ɗaya, wato uwargida da yara da mahaifiyata, wadda dukanmu muke kira Inna, saboda wani maƙwabcina ya ce mini an ware gefe guda domin dabbobin da ake kiwo saboda gashinsu. Na yi mamakin jin haka, domin a ƙasarmu ana kiwon tunkiya ne saboda nama da layya da suna, sai kuma fata, kuma ban taɓa jin wanda ya yi cinikin rago yana duba gashinsa da niyyar saƙa ba.

Ba zan tsaya a kan abin da kowa ya saba gani ba. Akwai buhunan dawa da gero da wake, da shinkafar Yagwa, da tulin albasar da Marwa ta yi suna da ita. Akwai shanun Gudali masu tozo daga Adamawa, da jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, da ragunan Uda waɗanda gabansu baƙi ne ko ja, bayansu kuma fari fat, da Balami masu tsawon ƙafa da lanƙwasasshen hanci. Yara sun so su tsaya a nan, amma na ja su gaba, domin duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar shanu ta Bogo ranar Alhamis ya ga waɗanda suka fi waɗannan.

Rumfar da muka zo dominta tana can ƙarshen fili, a inuwar darbejiya, kuma ba ta da girma. Abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne wasu baƙaƙen tumaki da wani makiyayi Balaraben Shuwa ya kawo daga wajen Chadi. Ba su kai Uda tsayi ba, jikinsu kuma ba shi da cika, amma gashinsu dogo ne, ya sauko ya rufe haƙarƙari yana lilo, ya yi dunƙule-dunƙule da ƙura da ƙarangiya. Autana ya tambaye ni ko bunsuru ne, 'yan'uwansa suka yi masa dariya, ko da yake ni ma da a kan hanya na gamu da su da sai na sake dubawa. Makiyayin ba ya jin Hausa sosai, sai Inna ta yi masa magana da Fulatanci, kamar yadda ake yi a kasuwar Marwa idan harsuna suka bambanta. Ya ce a wajensu ana murza igiya da wannan gashi, ana saƙa abin shimfiɗa da na ɗaura kaya a kan raƙumi, fatar kuma idan aka jeme ta da gashinta takan zama buzu mai laushi, irin wanda malamai suke so.

Sai ya nuna mana yadda ake aski. Ya kama tunkiya ɗaya, ya kayar da ita a kan tabarma, ya ɗaure ƙafafunta uku, ya danne wuyanta da gwiwarsa ba tare da ya matse ta ba. Da babban almakashi ya fara daga kafaɗa, yana ɗaga gashin da hannun hagu yana yanka kusa da fata, yana bin jikin har zuwa cinya, sannan ya juya ta ya yi ɗaya gefen. Tunkiyar ta yi kuka sau ɗaya ta yi shiru. Da ya kwance ta, sai ta miƙe ta koma rabin girmanta, ƙasusuwan ƙugunta a fili, ta girgiza jiki ta nufi harawa. Gashin da ya tara bai cika ƙwarya babba ba, kuma da na damƙa sai na ji kaushi, hannuna ya yi maiƙo, yana warin garke. Babbar 'yata ta taɓa da yatsa ɗaya ta janye.

A gefen makiyayin akwai wani matashi likitan dabbobi da ya shimfiɗa samfurori a kan tebur, kowanne da hoton dabbar da aka samo shi daga jikinta. Shi ne ya fayyace mini abin da na daɗe ina gani ba tare da na lura ba. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, tumakin gashi ne: gashin gajere ne, miƙaƙƙe, mai kauri, yana zubewa da kansa, kuma ba ya kaɗuwa ya zama zare. Tumakin ulu kuwa silin gashinsu siriri ne, a nannaɗe yake, kuma yana ci gaba da tsawo har sai an aske. Ana auna kaurin sili da ma'aunin maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ulun tumakin Merino yawanci bai kai maikiron 24 ba, alhali gashin kan mutum yakan kai 50 zuwa 100. Kowane sili yana da ɓawo-ɓawo kamar na jikin kifi, wanda ido ba ya gani, kuma shi ne yake sa silin ya kama ɗan'uwansa idan an murza. Baƙaƙen tumakin Chadi suna tsakani ne, gashinsu yana da tsawon da za a murza, amma kaushinsa ya hana a yi tufar da za ta taɓa jiki.

Na ɗauki samfurin Merino ɗin, wanda aka riga aka wanke, na matse shi a tafin hannu, da na saki sai ya koma yadda yake. Asalin waɗannan tumaki ƙasar Sifen ce, kuma sarakunanta sun daɗe suna hana a fitar da su waje saboda arzikin da suke kawowa, har sai cikin ƙarni na 18. Sun isa Afirka ta Kudu a 1789, suka isa Ostareliya a 1797, kuma yau Ostareliya ce kan gaba a duniya wajen ulu mai laushi. Tunkiya ɗaya takan ba da kilo huɗu zuwa biyar a shekara, sai dai idan aka wanke nauyin yakan ragu ƙwarai, domin sashe mai yawa maiƙo ne da ƙasa. Ba a zubar da maiƙon, shi ne lanolin da ake sakawa a man shafawa.

Wani Alhaji da ke tsaye kusa da ni, wanda daga ganin rigarsa ka san yana da hali, ya tambayi likitan nawa za a kawo masa irin waɗannan tumaki guda ashirin. Na ji daɗin amsar da yaron ya ba shi, domin bai yi masa daɗin baki ba. Ya ce masa: "Alhaji, ka bar kuɗinka. Zafin watan Maris da Afrilu kaɗai ya ishe su." Gaskiyarsa ce, domin a lokacin bazara zafin Marwa yakan wuce digiri 40. Ko da dabbar ta jure wannan, ga damina, lokacin da ulu zai sha ruwa ya ƙi bushewa, fata ta jiƙe a ƙarƙashinsa, kirci ya kama ta, ƙudaje su yi ƙwai a cikin danshin. Ga kuma ƙarangiya, wadda idan ta shiga ulu ba ta fita sai da almakashi, kuma ulun da ya cika da ita ba shi da daraja a kasuwa. Gajeren gashin da ke jikin ragon Uda, wanda ƙarangiya ba ta samun wurin kamawa kuma ruwa ke zamewa a kansa, shi ne abin da ya sa yake iya tafiyar kiwo daga nan har bakin tafkin Chadi ya dawo da ƙibarsa.

An taɓa gwada irin tunanin Alhajin nan. A zamanin mulkin Faransawa an kafa wurin kiwo a Abugudam, kusa da Abeche a ƙasar Chadi, inda aka riƙa haɗa baƙaƙen tumakin Larabawa da ragunan Karakul, waɗanda asalinsu yankin Bukhara ne a tsakiyar Asiya, da nufin samun fatar 'yan raguna mai nannaɗaɗɗen gashi da ake yin huluna da riguna masu tsada da ita a Turai. Sana'ar ba ta kafu a Chadi ba, alhali a Namibiya, inda aka kai Karakul a 1907, ta zama babbar hanyar samun kuɗi. A Afirka ta Yamma tumakin ulu na asali da aka sani su ne na Masina, a ƙasar Mali, inda kogin Neja yake bazuwa a kusa da Mopti. Masaƙan Fulani na can suna saƙa barguna masu ado da ake kira kasa, waɗanda fatake suka riƙa kaiwa har fadar sarakunan Asante. Inna ta ce mahaifinta yana da irin bargon, mai nauyi, fari da zanen baƙi da ja, kuma ba a fito da shi sai sanyi ya tsananta ko an yi babban baƙo.

Sauran samfurorin na dabbobin da sai dai a hoto ne. Akwai gashin akuyar Angora, mai sheƙi da santsi, wadda ta samo sunanta daga Ankara ta ƙasar Turkiyya, amma tun da aka kai ta Afirka ta Kudu a 1838 ƙasar ta zama mai samar da wajen rabin abin da duniya take amfani da shi. Akwai kashmiya, wato lallausan gashin da ke ƙarƙashin gashin awakin Mongoliya da Sin, wanda ake tajewa da mataji idan sanyi ya wuce, kuma akuya ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce giram 150 zuwa 200 a shekara, abin da ya sa rigarsa take da tsada. Akwai na alfaka daga tsaunukan Peru, dabbar da yara suka ƙi yarda cewa dangin raƙumi ce saboda ba ta da tozo. Raƙumin da aka ɗaure a bayan rumfar, irin namu mai tozo ɗaya, gashinsa kaɗan ne a kafaɗa da tozo, ba kamar mai tozo biyu na ƙasashen sanyi ba.

Dabba ɗaya ce ta ba ni tausayi, wato wani farin zomon Angora a cikin keji, wanda gashi ya rufe shi har ba a ganin idonsa. An kawo shi ne daga wajen Ngaundere, inda iska take da sanyi, kuma ko da yake lokacin hunturu ne, da rana ta take sai ya miƙe a ƙasan kejin yana haki, mai shi yana yayyafa ruwa a kan buhun da ya rufa masa. Autana ya dage sai an saya masa. Na ƙi, ya yi kuka, kakarsa ta ce masa ai miji mai kuka a kasuwa ba nata ba ne, ta sake shi, sai ya haɗiye kukan ya fara rama zolayar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a kan wata tabarma da ke gefen teburin, inda aka ajiye mazari da ɗan ulun da aka taje domin duk mai son gwadawa. 'Yan mata da yawa sun gwada, zaren yana tsinkewa suna dariya. Inna ta tsaya tana kallo, can sai ta ce da ni: "Kai, karɓo mini abin nan in gani." Rabonta da kaɗi tun ina yaro, amma na tuna yadda take zama da rana bayan an gama aikin gida, ta gurje auduga a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka, ta naɗa sutu, sannan ta shafa alli a yatsu ta kafa mazari a cikin ɗan ƙoƙo. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta juya mazarin a hannunta, ta ce gululunsa ya yi nauyi. Ta ja ulun da yatsu biyu ta murza, zaren ya fito da kauri kamar abawa, ta tsaya ta sake ja a hankali. A karo na gaba sai ga zare siriri, daidai wa daida, yana sauka yana naɗuwa, hannunta na hagu yana ɗagawa sama har iyakar tsawonsa sannan ya dawo.

Mutane suka taru, har likitan ya bar teburinsa. Inna ba ta ɗaga kai ba, sai dai ta riƙa yi wa babbar 'yata bayani, tana cewa wannan ya fi auduga sauƙi nesa ba kusa ba, domin silinsa dogo ne kuma yana riƙe juna, ita kuwa auduga gajera ce, idan ba ka ba ta murza da yawa ba sai ta rabu. Ta ce ba a bukatar alli a nan, domin maiƙon da ya rage a jikin ulun ya isa. Abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da ke rubuce a littattafai, inda silin auduga bai cika wuce santimita uku ba, na Merino kuwa yakan ninka haka sau biyu ko uku, amma ita a yatsunta ta gano shi cikin ɗan lokaci. Da aka miƙa mata gashin baƙar tunkiyar da aka aske a gabanmu, ta murza kaɗan ta ajiye, ta ce wannan na igiya ne, kada a ɓata wa mazari lokaci.

Uwargida kuwa tata tambayar daban ce. Tana saƙa hulunan jarirai da safa da ulun da take saya a kasuwa, sai ta ciro wani ƙullin shuɗi daga jakarta ta tambayi likitan daga wace irin tunkiya aka samo shi. Ya yanki ɗan guntu, ya kunna ashana ya kusantar. Zaren ya kama da wuta nan take, ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, yana warin leda. Ya yanki na Merino ya yi masa haka, sai ya ƙuna a hankali ya mutu da kansa, ya bar toka mai murmushewa, ƙaurin babbaka ya tashi. Ya ce mata nata na roba ne, daga man fetur ake yin sa. Ba ta ji daɗi ba, ta ce shekara da shekaru tana sa wa jariran mutane roba a ka. Ni dai ban ga laifinta ba, domin na robar shi ne mai araha, yana wankuwa ba ya tsukewa, kuma shi ne ake samu. Sai dai ulun gaskiya yana iya shan danshin da ya kai wajen kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin kama wuta, abin da ya kamata a yi la'akari da shi a gidajen da ake jin ɗumi da kasko a lokacin sanyi.

A hanyar fita na riƙa tunanin cewa dabbar zarenmu ta gaskiya ba ta da ƙafa, domin a gona take. Auduga ce ulun ƙasar nan. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa take Garwa, yana sayen audugar manoman jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, ana gurje ta a masana'antu, kuma mafi yawanta ana fitar da ita waje a dunƙule ba tare da an kaɗa ba. Mu kuma idan sanyi ya zo sai mu nufi layin 'yan gwanjo mu sayi rigunan sanyin da wasu suka gama sawa. Kafin wannan zamani, sawayen farin da masaƙanmu suke saƙawa, waɗanda ake kira gabak a wannan yanki, har kuɗi ne da ake ciniki da biyan sadaki da su. Yau sai ka hau duwatsu wajen Rumsiki, ko ka shiga wasu tsofaffin unguwanni, kafin ka ji ƙarar ƙoshiya.

Akwai kuma gashin da muke da shi muke zubarwa. Marwa gari ne na majema da dukawa, kuma duk wanda ya bi ta majema ya ga yadda ake jiƙa fatun awaki da tumaki a ruwan toka, a kankare gashin da wuƙa kafin a sa fatar a ruwan bagaruwa. Gashin nan tuli-tuli yake a gefe, ruwa ya tafi da shi ko a ƙone. Ba zai yi zare ba, amma a wasu ƙasashe irinsa ake dannewa a yi abin shimfiɗa a ƙarƙashin darduma, ko a cuɗa shi da yumɓu domin ya hana bango tsagewa, kamar yadda maginanmu suke yi da ciyawa. A ganina wannan ya fi kusa da hannunmu fiye da mafarkin garken Merino, kuma shi ya kamata masu ilmin kiwo su fara dubawa.

Kafin mu tafi, likitan ya biyo mu ya durƙusa ya gaida Inna, ya roƙe ta ta zo baɗi ta zauna a rumfar ta nuna wa 'yan mata kaɗi, na auduga da na ulu duka, ya ce zai nemi wasu tsofaffin su zo tare, a kawo magurji da bakan shiɓa, a kuma gayyato masaƙi ya kafa masaƙarsa a gefe. Na goyi bayan wannan shawara, domin samfurin alfaka da kashmiya kallo ne kawai ake yi a wuce, amma taron da ya kewaye tabarmar nan bai watse ba sai da ta ajiye mazarin. Inna ta ce idan Allah ya kai mu za ta zo, da sharaɗin a sa ta a inuwa, a ba ta tabarma mai kyau, kuma za ta zo da nata mazarin, domin nasu na masu koyo ne.